Rubuta Bayanin Yadda Ake Gina Manhaja Domin Sababbin Ma'aikata: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan zuwa daga 'yan'uwanmu masu aikin manhaja a Legas, mazauna Agege da Idi-Araba da Mile 12 da ke sammakon fita aiki Yaba ko Ikeja ko Lekki, da kuma waɗanda ke aiki daga ɗaki. Wasu sababbi ne, an ba su kod sun shafe kwanaki bai tashi a kwamfutarsu ba. Wasu kuma sun daɗe a wurin aikin, an ce su rubuta wa na baya bayani, sun rasa ta inda za su kama. Amsoshin na ɓangarorin biyu ne, amma nauyin ya fi hawa kan tsofaffin hannu, domin su ne suka san hanya.

Mene ne tsarin ginin ma tukuna?

Kod ɗin da muke rubutawa ba shi ne ke sauka a wayar mutum kai tsaye ba. Kafin ya zama manhajar da za a latsa ta buɗe, sai an sauko da kayan wasu mutane da ya dogara da su, an juya shi zuwa abin da na'ura ke ganewa, an gudanar da gwaje-gwaje, an ƙunshe shi a fayil guda, wani lokaci har an sa masa hannu da makulli. Abin da ke jera waɗannan matakai yana bin su ɗaya bayan ɗaya shi ne tsarin gini.

Wanda ya fi tsufa cikin waɗanda ake amfani da su har yau shi ne Make, wanda Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs a Amurka a 1976. Bayansa aka samu CMake wajajen 2000 ga masu C da C++, sai Maven a 2004 ga masu Java, sai Gradle wanda Google ta ɗauka domin Android a 2013. Masu JavaScript suna da npm da danginsa, masu Python suna da pip da fayil ɗin `pyproject.toml`. A Legas, inda aikin wayar Android da na shafukan intanet ya fi yawa, Gradle da npm za ka fi cin karo da su.

Ai kod ɗin yana nan, fayilolin ginin ma suna nan. Me ya sa sai an zauna rubuta bayani?

Domin fayilolin ba su ɗauke da duk abin da ake buƙata. Rabin ilimin yana cikin kwamfutar wanda ya daɗe: wata siga ta Java da ya girka shekara biyu da suka wuce, wani saiti da ya sa ya manta, wani fayil da aka turo masa ta WhatsApp bai taɓa shiga Git, manhajar da ke adana kod da tarihin sauye-sauyensa, ba. A wurinsa komai na tafiya lafiya, don haka da gaskiyarsa yake faɗin cewa umarni ɗaya ne kawai.

Ka tuna yadda ɗan gari ke yi wa baƙo kwatance a Legas. Zai ce ka sauka a Oshodi, ka hau motar Agege, shi ke nan ka iso. Bai yi ƙarya ba, amma ya tsallake gadar da za ka haura, da gefen titin da motar ke tsayawa, da sunan da kwandasta ke kira, saboda ƙafarsa ta riga ta haddace su har ya daina ganinsu. Haka tsohon ma'aikaci yake da tsarin gininsa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, kuma shi ya fi damuna. An tashe mu da kunya da kara. Yaro ɗan Arewa da ya samu aiki, ko ɗalibin da aka turo koyon aiki, ko mai bautar ƙasa, zai tambayi babba sau ɗaya, ya daure ya tambaya na biyu, a na uku sai ya yi shiru, yana gudun a ce ya cika damu ko bai iya ba. Zai koma gida ya kwana yana fama da kuskuren da ba nasa ba ne, ya ƙona datarsa, washegari ya zo da jajayen idanu ya ce yana kan aikin. Shugabansa kuma ya fara tunanin ko an yi kuskuren ɗaukarsa. Ana rasa mutane masu basira ta wannan hanya, alhali shafi biyu na bayani sun isa su raba su da wannan wahala. Takarda ba ta gajiya da tambaya, ba a kuma jin nauyinta.

A ina ya kamata bayanin ya zauna?

A cikin ma'ajiyar kod ɗin, kusa da fayilolin da yake bayani a kansu. Matakan farko su shiga `README.md`, domin shi GitHub da GitLab, shafukan da ake ajiye kod a intanet, ke nunawa da zarar an buɗe. In ya yi tsawo, a ware masa `BUILDING.md` ko folda mai suna `docs`, a sa mahaɗi daga README. Bayanin da aka ajiye a wani waje daban ba ya tafiya tare da kod, sai a sauya wannan a manta da wancan.

To me zan fara rubutawa?

Fara da hanya mafi gajarta daga kwamfutar da ba ta da komai zuwa manhaja mai aiki. Tarihin aikin da zanen tsarinsa duk su jira. Wanda ya buɗe shafin a ranarsa ta farko abu ɗaya yake so, ya ga abin ya tashi a gabansa.

Na farko, abubuwan da zai girka, kowanne da lambar sigarsa da umarnin da zai tabbatar masa ya girku. Kada ka rubuta "ka sa Java". Rubuta cewa JDK 17, wato kayan aikin Java siga ta 17, ake so, ya buga `java -version`, ya duba ya ga 17 a layin farko. Sannan umarnan kansu, kowanne a layinsa, yadda zai kwafa ya liƙa ba tare da ya gyara komai ba, kuma ka faɗi a wace folda zai tsaya ya buga su. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, kuma shi kaɗai yana cinye wa mutum yini.

Abin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne faɗin yadda nasara take. Bayan `./gradlew assembleDebug`, me zai gani? Ka rubuta masa cewa zai ga `BUILD SUCCESSFUL`, kuma fayil ɗin zai bayyana a `app/build/outputs/apk/debug/`. In akwai gargaɗi masu launin rawaya da ke fitowa kullum ba su da illa, ka faɗa, domin sabo bai san bambancin gargaɗi da kuskure a aikinku ba, yana iya tsayawa gyaran abin da bai lalace ba. Ka kuma faɗi kimanin lokacin da matakin ke ɗauka. Mutumin da aka gaya wa ginin farko yana jan lokaci zai jira da kwanciyar hankali. Wanda ba a gaya wa ba zai ɗauka ya maƙale, ya katse, ya sake daga farko.

Ni a ganina, in matakan suka wuce goma, ba bayanin ne ke buƙatar gyara ba, tsarin ne. Tun a 2000 Joel Spolsky ya sa tambayar ko za ku iya gini da mataki guda cikin ma'aunansa 12 na ingancin ƙungiyar masu manhaja. Ku tattara matakan cikin ƙaramin fayil na umarni ko Makefile, wato fayil ɗin da Make ke karantawa, ta yadda `make setup` da `make test` za su wadatar, sannan bayanin ya faɗi abin da kowanne ke yi a ciki.

Me ya sa ake nacewa a kan lambar siga? Ba sabuwa ce ta fi kyau ba?

Ba kullum ba. Kayan gini suna da zaɓen abokin zama. Android Gradle Plugin daga siga ta 8.0 sai da JDK 17. In kuma ka kawo Java 21 ga tsohon Gradle, zai jefo maka `Unsupported class file major version 65`, saƙon da babu yadda za a yi sabon mutum ya gane cewa Java yake nufi. Ayyukan da ke kan webpack 4, mai haɗa fayilolin JavaScript wuri guda, sun fara faɗuwa da `ERR_OSSL_EVP_UNSUPPORTED` daga Node 17 (Node ita ce ke gudanar da JavaScript a kwamfuta), saboda an koma OpenSSL 3. Python 3.12 ya cire `distutils`, tsofaffin kaya da dama suka daina girkuwa. Sabon ma'aikaci kuwa dabi'arsa ce ya sauko da siga mafi sabunta, don ita ce a saman shafi.

Maganin da ya fi rubutu ƙarfi shi ne a sa na'ura ta riƙe lambar. `gradlew` yana sauko da ainihin Gradle ɗin da aikin ke so, don haka bayaninku ya hana buga `gradle` tsura. Fayil ɗin `.nvmrc` yana riƙe sigar Node. `package-lock.json` yana ƙulle sigar kowane kaya, kuma `npm ci` yana bin sa sau da ƙafa, saɓanin `npm install` da ke iya sauya shi. Ku rubuta wannan bambanci a fili, da dalilinsa, in ba haka ba wani zai goge fayil ɗin ƙullin don ya ga wani a intanet ya ce a goge.

Ya dace kuma a lissafa daga ina kayan ke zuwa. A Maris 2016 wani ya janye ɗan ƙaramin kaya mai layi 11, `left-pad`, daga rumbun npm, gine-ginen dubban ayyuka a duniya suka tsaya, ciki har da waɗanda suka dogara da Babel, sanannen kayan aikin JavaScript. Da yawa ba su ma san suna amfani da shi ba.

Yawancin bayanan da muke gani ba sa maganar data da wuta. Ya kamata namu ya yi?

Ya zama dole. Waɗancan an rubuta su ne a inda intanet ba ta da awo kuma wuta ba ta ɗaukewa. Mu a nan sabon ma'aikaci da yawa da wayarsa yake ba kwamfutarsa intanet, da kuɗin aljihunsa, kafin ma ya karɓi albashin farko. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, abin ya ƙara nauyi. Android Studio, manhajar rubuta manhajojin Android, da kayan ginin Android (SDK) da na'urar kwaikwayon waya gigabait ne masu yawa. Hotunan Docker, wato ƙunshin manhaja tare da duk abin da take buƙata don ta yi aiki, su ma haka. Rashin adalci ne a bar yaro ya gano wannan bayan datarsa ta ƙare a tsakiyar saukewa.

Ku auna. Ku yi gini a kwamfuta fanko, ku duba nawa aka sauke, ku rubuta adadin a saman bayanin. Ku raba matakan gida biyu: waɗanda sai da intanet, da waɗanda ba sa buƙata. Sai mutum ya yi na farkon a ofis inda akwai waifai, ya ƙarasa sauran a gida. Ku koya masa inda kayan da aka sauke ke zama, `~/.gradle` da `~/.m2` da `~/.npm`, ku gargaɗe shi kada ya goge su don neman fili ba tare da ya san zai sake biyan kuɗin saukewa ba. Ku nuna masa `./gradlew --offline` da `mvn -o` da `npm ci --prefer-offline`. Hoton Docker ana iya fitar da shi da `docker save`, a ɗauka a filasha, a shigar da `docker load`, babu ko kobo na data. Ofishin da ke da mutane da yawa zai amfana da ƙaramar ma'ajiyar cikin gida irin Verdaccio ko Nexus, a sauke kaya sau ɗaya kowa ya ɗiba.

Wannan ba maganar tsimi kaɗai ba ce. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka haɗa da MainOne da WACS da SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni sosai a Najeriya, har bankuna suka ji a jikinsu. Duk wanda gininsa ba ya tashi sai ya leƙa rumbunan ƙasashen waje, a irin wannan rana hannunsa a ɗaure yake.

Batun wuta kuma, ku rubuta abin da za a yi in ta ɗauke ana tsakiyar aiki, batirin laftof kuma ya mutu kafin a tada janareta. Wane umarni ne za a iya sake bugawa ba tare da fargaba ba? Wace folda ce za a goge in fayil ya sauka rabi? Layi uku sun isa, amma sai wanda ya san tsarin ne zai iya rubuta su.

Kwamfutocinmu ba iri ɗaya ba ne. Oga yana da Mac, ni kuma Windows na saya a Computer Village.

Haka abin yake a kusan kowane ofis a Legas, kuma yawanci mai Mac ɗin ne ke rubuta bayanin. Ku faɗi a fili a kan waɗanne na'urori aka gwada matakan. In ba a gwada a Windows ba, ku rubuta hakan, sannan ku nemi mai Windows ya gwada.

Wasu tarkuna sanannu ne. Windows na ƙare layi da alama daban da ta Linux, sai fayil ɗin umarni ya ƙi tashi da saƙo mai ɗauke da `^M` a ƙarshe, `.gitattributes` ke maganinsa. Linux na bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Windows da Mac yawanci ba sa yi, don haka kod na iya aiki a wurin kowa ya faɗi a saba, kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta domin jama'a. Windows na da tsohuwar iyaka ta haruffa 260 ga tsawon hanyar fayil, wadda foldoji masu zurfi ke karo da ita. Mac ɗin da aka yi daga 2020 masu M1 da na bayansu gininsu ya bambanta da na Intel, wasu hotunan Docker sai an zaɓi nasu. Ga mai Windows, sau da yawa WSL 2, wato Linux a cikin Windows, ce hanya mafi sauƙi, amma ku ce masa ya ajiye kod ɗin a ɓangaren Linux, don a can ya fi sauri.

Ku kuma tuna da mai laftof ta hannu mai RAM gigabait 8. Android Studio da na'urar kwaikwayo tare za su shaƙe ta. Ku rubuta masa yadda zai haɗa wayarsa ta gaske, Tecno ce ko Infinix, da kebul, ya tabbatar da `adb devices`, da yadda zai rage abin da Gradle ke ci a `gradle.properties`.

Makullan sirri fa? In na rubuta komai, ba na tona asirin kamfani ba?

Ana rubuta sunan makulli da inda ake samunsa, ba a rubuta makullin kansa. Ku ajiye `.env.example` mai ɗauke da sunayen duk saitunan da ake buƙata, da layin bayani a kan kowanne, ainihin `.env` kuma ya shiga `.gitignore`. Ku faɗi muƙamin wanda ke ba da makullan. Masu haɗa biyan kuɗi da Paystack sun san akwai makullan gwaji masu farawa da `sk_test_`. Sabo da waɗannan zai yi aiki, ba shi da hurumi da na gaske. Makullin sa hannu na Android ma ba ya zama a ma'ajiyar kod. In sirri ya taɓa shiga Git, goge layin bai wadatar ba, tarihi ya riƙe shi, sai an sauya makullin. Kada kuma a ba sabo kwafin bayanan abokan ciniki na gaskiya don gwaji. Ban da amana, akwai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. Ku tanadi bayanan bogi da umarnin loda su.

Ta yaya zan san bayanin da na rubuta yana aiki?

Ba kai za ka sani ba. Idonka zai cike duk giɓin da ka bari ba tare da ka lura ba. Gani ya kori ji: ka ba sabon mutum, a kwamfutar da ba ta taɓa gina aikin ba, ka zauna gefensa, ka kama bakinka. Wannan kame bakin shi ne mai wuya. Za ka ga ya tsaya yana kallon allo, bakinka na ƙaiƙayin cewa "ai kawai ka shiga waccan foldar". Kada ka faɗa. Ka rubuta inda ya tsaya, domin nan ne bayaninka ya gaza.

Kafin ku fara, ka gaya masa da bakinka cewa bayanin ake jarrabawa, ba shi ba, kuma duk inda ya maƙale taimako ya yi maka. Ga yaranmu wannan jimla tana da muhimmanci ƙwarai, don in ba a faɗa ba zai ɓoye inda ya sha wahala saboda girmamawa, ya ce komai ya tafi daidai. Sannan gyaran da zai fara turawa a aikin ya zama gyaran bayanin nan. Ya koyi yadda ake tura gyara, an duba masa, sunansa ya shiga tarihin aikin tun makon farko, na bayansa kuma ya samu hanya mafi kyau.

Shaida ta biyu ita ce injin gwaji na atomatik, GitHub Actions ko Jenkins ko makamancinsu. Irin GitHub Actions a na'ura fanko yake farawa kowane lokaci. In umarnan da yake bugawa su ne ainihin waɗanda ke cikin bayanin, duk ranar da suka daina aiki za ku sani nan take. In kuwa nasa daban, na bayanin daban, ɗaya daga ciki zai ruɓe a ɓoye, kuma na bayanin ne.

Ba Docker ya kawar da duk wannan matsalar ba?

Ya rage ta sosai tun fitowarsa a 2013, kuma ina ba da shawarar amfani da shi ga rumbun adana bayanai da sauran hidimomin da aikin ke buƙata. Amma shi ma sai an girka shi, yana cin RAM, yana cin data, kuma wanda bai san abin da ke cikin akwatin ba ranar da ya lalace ba shi da abin yi. Manhajar iPhone kuma dole sai Xcode, manhajar gini ta Apple, a kan Mac. Docker na gajarta bayanin, ba ya maye gurbinsa.

Malam, ni na fi gane abu da bidiyo ko saƙon murya. Ba za a yi hakan kawai ba?

Ƙanwata, bidiyo yana da amfani wajen nuna inda ake latsawa a Android Studio, ba na musu. Matsalarsa uku ce: ba a kwafar umarni daga cikinsa, ba a bincika kalma a cikinsa, kuma in lamba ɗaya ta sauya sai an sake ɗauka gaba ɗaya, abin da ba wanda zai yi. Ga cin data. Saƙon murya kuwa yana nutsewa cikin hirar rukuni, wanda aka ɗauka bayan wata shida ba zai taɓa jin sa ba. In wani ya yi miki bayani da murya kika gane, ki taimaka ki mayar da shi rubutu a ma'ajiya. Haka ma hoton allo na saƙon kuskure: ki kwafo rubutun kansa, shi ake iya bincikawa.

Da Hausa za mu rubuta ko da Turanci?

A Legas abokan aikinka Yarabawa ne da Inyamurai da sauran al'ummomi, wani lokaci har da na ƙasashen waje, don haka babban bayanin da Turanci zai kasance, mai sauƙi, gajerun jimloli. Amma in aikin naku ne, ko kuna koyar da ƙannenmu, babu abin da ya hana a sa `README.ha.md` a gefe. Mutum ya fi saurin gane dalilin abu da harshen da yake tunani da shi. Sharaɗi biyu ne: umarnai da saƙonnin kuskure su zauna yadda na'ura ke rubuta su, kuma a rubuta a saman na Hausan ranar da aka daidaita shi da na Turancin.

Saƙonnin kuskure nawa zan sa a ciki?

Waɗanda suka faru da gaske. Kada ka zauna ƙirƙiro matsalolin da ba a taɓa gani ba. Ƙa'idar da nake bi ita ce, duk tambayar da aka yi sau biyu ta cancanci shiga. A rubuta saƙon harafi da harafi yadda mai bincike zai same shi, sai dalilinsa a jimla ɗaya, sai magani. Dalilin yana da muhimmanci, don wanda aka ba magani babu dalili zai riƙa shafa shi a kowane ciwo, kamar masu sa `sudo`, mai ba umarni cikakken iko a kan kwamfuta, a gaban duk umarnin da ya ƙi, su ɓata izinin fayilolinsu.

Akwai abubuwa masu ban mamaki a tsarinmu da ba wanda ya san dalilinsu. A rubuta su?

Su ne ma suka fi cancanta. Duk wanda ya taɓa rubuta Makefile ya san layin umarni sai ya fara da alamar tab, in ka sa tazara ta yau da kullum ka ga `missing separator`. Feldman da kansa ya bayyana cewa lokacin da ya ga illar hakan, mutane kaɗan sun riga sun fara amfani da Make, bai so ya ɓata musu aiki ba, sai ya bari. Kusan shekara 50 ke nan ana tuntuɓe a wurin. Kowane aiki yana da irin nasa: kaya da aka ƙulle a tsohuwar siga, gwajin da aka kashe, matakin da dole ya riga wani.

In ba a rubuta dalili ba, ɗayan biyu ne zai faru. Ko sabo ya cire abin yana ganin gyara ya yi, ko kowa ya ji tsoron taɓa shi har bayan dalilin ya gushe. Michael Nygard ya ba da shawara a 2011 cewa a riƙa ajiye gajerun takardun shawara a cikin ma'ajiya: halin da ake ciki, abin da aka zaɓa, da abin da zai biyo baya. Rabin shafi ya isa. A kasuwar aiki irin ta Legas, inda gwani ke iya samun aikin waje ya tafi cikin wata guda, wannan rabin shafin ne zai rage muku.

Shugabanmu ya ce babu lokacin rubutu, abokin ciniki na jira.

Ku yi masa lissafi da abin da yake ganewa. Kwanakin da sabon ma'aikaci ya yi bai fara aiki ba albashi ne ake biya, ga sa'o'in babban ma'aikacin da ake katsewa. Rubutun farko bai fi aikin yini ba. Bayan nan a sa doka ɗaya: duk gyaran da ya taɓa fayilolin gini, ya taɓa bayanin a cikin turawa guda, mai dubawa kuma kada ya amince sai ya ga hakan. Ba a ɗora wa mutum ɗaya, don ranar da ya tafi bayanin ya mutu.

Ni ne sabon, na tarar babu bayani ko kaɗan. Me zan yi?

Ka buɗe fayil tun daga minti na farko, ka riƙa rubuta kowane umarni da ka buga, da abin da ya fito, da abin da aka gaya maka. Ka leƙa foldar `.github/workflows` ko `Jenkinsfile` in akwai, don a nan ne ainihin matakan ginin suke a jere. Ka duba sashen `scripts` na `package.json`. In Makefile ne, `make -n` zai nuna maka abin da zai yi ba tare da ya yi ba. `git log` a kan fayilolin gini zai nuna maka wanda ya fi taɓa su, shi za ka nufa.

In za ka tambaya, ka tara tambayoyinka ka je da su lokaci guda, kowacce da umarnin da ka buga, da saƙon da ya fito, da sigar kayanka, da abin da ka riga ka gwada. Babba ba ya jin haushin irin wannan tambaya, tana nuna masa ka yi naka ƙoƙarin. Ka sa wa kanka iyaka: in ka yi awa guda a wuri ɗaya babu motsi, ka tashi ka je. Ranar da ginin ya tashi, ka gyara rubutun nan naka, ka cire makullai da duk wani sirri da ya shiga ciki, ka tura shi a matsayin `BUILDING.md`, ka roƙi wanda ya taimake ka ya duba.